Fili mita 15 a 20 a Jambutu: yaya za mu tsara gidan?

Baban Ummi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗina a ƙasa. Allah Ya nufa na samu fili a nan Garwa ta Kamaru, ta wajen Jambutu, mita 15 a fuskar titi, mita 20 zuwa ciki, titin kuma yana yamma da filin. Mu huɗu ne a yanzu: ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara 4 da ƙaninta da bai daɗe da fara tafiya ba. Inna tana Gider, amma burina nan gaba ta dawo wurina. Gida marar bene nake so.

Wani ɗan'uwana ya turo min zane da ya samo a intanet. Ɗakin kwana 3, kowanne da banɗakinsa, falo mita 6 a 8, wurin cin abinci, kicin a buɗe cikin falo, sai garejin mota. Da na auna, ginin zai ci mita 13 a 16. Ni ya ba ni sha'awa, amma maiɗakina ta daɗe tana kallonsa, ta ce bai kwanta mata ba. Abin da ke hannuna bai wuce sefa miliyan 9 ba. Masu gini da iyayenmu da suka riga mu zaman gida, me kuka gani?

Ɗan Yelwa

Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya albarka, Ya sa a gama lafiya. Yaya, ni dai zanen ya yi min. Mutum ba kullum yake gina gida ba, in za ka yi ka yi mai kyau. Babban falo mutuncin maigida ne, ranar suna ko ranar da surukai suka zo ina za ka zaunar da mutane? Ka fara a hankali, ko shekara nawa zai ɗauka.

Gwani Magini

Ƙanena, bari mu fara da lissafi. 13 sau 16 murabba'in mita 208 ke nan, filinka kuma duka-duka 300 ne. Ragowar 92 ɗin ma ba a dunƙule take ba: lungu ne mai faɗin mita 1 a kudu, mita 1 a arewa, sai ɗan abin da ya rage gaba da baya. Bangon mita ɗaya a ɗaya yana cin parpen, wato bulon siminti, 12 da rabi. Zagayen wajen ginin nan mita 58 ne, in tsayin bango mita 3 ne parpen ya haura 2,000 kafin a cire gurbin ƙofa da taga, ba a taɓa bangon ciki ba, ba a yi maganar harsashi ba, ga katangar fili mita 70 tana jira. Sannan rodi, katako, kwano, silin, ƙofofi, banɗaki huɗu har da na baƙi.

Kuɗin da ka ambata a kan linta za su ƙare. Ka zagaya bayan gari ka ga kangaye nawa ne suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a ɗakunan, masu su kuma har yau suna biyan haya. Ba na so in ga naka a cikinsu. Ka gina abin da za ka iya rufewa ka tare a ciki, amma a zana shi tun yau yadda zai karɓi ƙari.

Hajiya Babba

Ɗana, tun da matarka ta ce bai kwanta mata ba, ka tsaya nan tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidan nan ita ce za ta wuni, kai da safe za ka fita sai dare.

Na duba zanen da ka sa. Ina tsakar gida? A ina za ta yi wanki, a ina za ta shanya? A ina za ta baza kuɓewa da kuka da barkono? Ran da gas ya ƙare, ko aka yi baƙi sai an ɗora babbar tukunya a kan itace, a ina za a kafa murhu? Ragon layya a ina za a ɗaure shi, a ina za a feɗe shi? Yaran nan biyu a kan titi za su yi wasa? Kai ɗan Garwa ne, ka san watan Maris da Afrilu ba mai iya kwana a ɗaki in wuta ta ɗauke, kowa tabarma yake jawowa waje. A lungun mita ɗaya za ku shimfiɗa?

Maganar kicin cikin falo kuwa, waɗanda suka zana shi ba irin girkinmu suke yi ba. Ta soya kifin Lagdo ko ta sa daddawa a miya sau ɗaya, labule da kujeru sai sun kwana suna wari. Abin da ya fi wannan: abokanka suna zaune a falo, ita tana tuƙa tuwo a gabansu da hijabi cikin zafin nan? Ranar suna da ake faɗa, maza a ƙofar gida suke zama a ƙarƙashin rumfa, mata ne ke cika gida, kuma tsakar gida suke cikawa.

Ka ɗauki takarda ku zauna, ta faɗa maka yadda wuninta yake tun daga asuba har isha, inda take tsayawa, abin da take ɗauka daga ina zuwa ina. Wannan takardar za ka kai wa mai zane.

Ɗan Yelwa

Hajiya, Allah Ya ƙara girma, amma zamani ya canja. 'Yan matan yanzu da yawa gas suke so da kicin na zamani, ba su son fita waje girki.

Hajiya Babba

Ai ban ce kada a yi kicin mai tayil da famfo ba, ɗana. A yi shi, amma da ƙofarsa da ake rufewa, da wata ƙofar da ke fita tsakar gida. Kuma ga mai gidan nan da bakinta, a tambaye ta.

Baban Ummi

Mun zauna jiya bayan isha kamar yadda Hajiya ta ce. Ga ta nan, da wayata za ta rubuta.

Maman Ummi

Ina gaida iyayena da yayyena. Hajiya, na gode, kun faɗi abin da na kasa faɗa. A gidan hayar da muke yanzu abin da ya fi damuna shi ne in ina kicin ba na ganin yara, sai in bar tukunya in leƙo. Ina so in ina girki idona yana kansu. Ina son sito kusa da kicin, domin buhun masara da shinkafa a ɗakin kwana muke ajiye su yanzu. Ina son wurin wanki mai daɓen siminti da rariya, ruwan ya fita kada ya kwanta. Falo ba sai babba ba, wanda zai ɗauki kujerun da iyayena suka yi min ya isa, amma ya zama in 'yan'uwana mata sun zo za su cire mayafi su sake. Baƙinsa maza kuma a samar musu wurinsu daban. Ɗakin Inna kada ya yi nisa da nawa, saboda dare. Garejin kuwa, babur muke da shi.

Injiniya

Madalla. Yanzu aka samu abin zanawa. Ku yi min haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Abu na farko a Garwa rana ce. A bazara zafi yana haura digiri 40, kuma bangon da ya fi wahalar da mutane shi ne na yamma, domin daga azahar zuwa faɗuwar rana take dukansa a kwance, siminti ya sha zafin ya riƙe, sai dare ya yi ya sake shi cikin ɗaki. Zanen da aka turo maka ya sa ɗakin maigida da manyan tagogin gilashi a fuskar titi, wato yamma sak. Bangon kudu da na arewa sun fi sauƙin karewa, saboda rana a sama take bi ta kansu. Muna wajen digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya: a Disamba rana takan karkata kudu da kusan digiri 33, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kuma takan ɗan koma arewa, amma ba ta wuce digiri 14. Ma'ana baranda mai faɗi a kudu, da bakin kwano da ya fito santimita 80 a arewa, sun isa su hana ta taɓa bango da tsakar rana.

Sa'ar da ka yi, tsawon filinka gabas da yamma yake. Ga yadda zan shimfiɗa shi. A bar mita 1 da rabi daga katangar arewa, domin iska da bututun ruwa. Sai jeren ɗakuna mai zurfin mita 4: daga yamma falo mita 4 da rabi, ɗakinku mita 3.8, banɗaki mita 1.6, ɗakin yara mita 3 da rabi. Da kaurin bango tsawon zai kai wajen mita 14 da rabi, ya bar mita 3 a gaba. A gaban jeren, ta kudu, baranda mai faɗin mita 2 daga farko har ƙarshe. Abin da ya rage a kudu tsakar gida ce mai faɗin mita 7, tsawonta ya kai 12. Kowane ɗaki yana da taga a arewa, taga da ƙofa a kudu, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A zanen farko akwai ɗakunan da taga ɗaya gare su, tana kallon katangar maƙwabci.

Kicin da sito a kusurwar kudu maso gabas, da rumfar girkin itace a jikinsu, tagar kicin tana kallon tsakar gida kamar yadda Maman Ummi ta nema. Dalilin wannan kusurwa: iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, ko wacce ta kaɗa ba za ta tura hayaƙi cikin jeren ɗakunan ba. Tsakanin kicin da ƙarshen jeren, a gefen gabas, a bar gurbin ɗakin Inna, a zuba harsashinsa tun yanzu tare da sauran ko da ba a tada bango ba.

Bangon falo na yamma a bar shi ba babbar taga, ƙarama a sama ta wadatar.

Ɗan Yelwa

Injiniya, da girmamawa, wannan ai fasalin gidan haya ne, ɗakuna a jere kowa ya fito baranda. Mutum ya tara kuɗinsa shekaru sannan ya gina abin da ba a bambanta shi da na haya? Kuma da dare yaro zai fito waje kafin ya je ɗakin uwarsa? Ƙurar hunturu fa? In zafi ne a sa na'urar sanyaya ɗaki.

Injiniya

Tambayar dare da ƙura tana kan hanya, ƙanena, kuma akwai maganinta. Barandar ba a buɗe za a bar ta ba. A ɗaga mata bango zuwa ƙugu, sama a sa ƙarfe da ragar sauro, ƙofa ɗaya ta ƙarfe a tsakiya. Da dare an kulle wannan ƙofar, gida ya zama ɗaya, yaro ya fito daga ɗakinsa ya shiga na uwarsa bai taka waje ba. Da rana nan ne wurin cin abinci, nan yara za su yi karatun allo, nan za a kwana a bazara ba sauro. A zanen farko akwai dogon lungu a tsakiyar gida mai cin wajen murabba'in mita 12, ba taga, ba a zama a cikinsa, wucewa kawai ake yi, kuma da kuɗi za a gina shi a rufe shi. Na fi son wannan kuɗin ya tafi inda za a zauna.

Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, wanda ke da hali ya sa, amma gidan da ba a iya zama cikinsa sai da ita, ran da ba wuta ya zama azaba, ga kuɗin wuta kowane wata. Kyan fuska kuma aikin ginshiƙan baranda ne da fenti da ƙofar gida, mai zane ya san yadda zai yi.

Malam na Lopere

Assalamu alaikum. Abu uku zan ƙara. Na farko zaure. Iyayenmu ba su yi shi don ado ba: baƙo ya yi sallama, ya samu wurin zama, idonsa bai faɗa kan iyali ba. A kusurwar kudu maso yamma, jikin ƙofar gida, a yi ɗaki ko da mita 3 da rabi a 4 ne, ƙofarsa ta waje daban, da ɗan makewayi da wurin alwala. In ƙanenka ko wani ɗalibi ya zo ya kwana biyu, nan ne masaukinsa. Kuma a karkatar da mashiga, kada a buɗe ƙofar gida a hango tsakar gida kai tsaye.

Na biyu alƙibla. Daga Garwa gabas ce mai karkata arewa, wajen digiri 60 daga arewa. An hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya wajen biyan buƙata. Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi in a cikin gini ne, amma tun da a takarda ake tukuna, juya mazaunin ya kalli kudu ko arewa ba ya cin ko dala. A faɗa wa mai zane da mai haɗa famfo tun wuri.

Na uku, Allah Ya ba ka mace da namiji. Hadisi ya yi umarni a raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10. 'Yarka tana da 4, saura shekara 6 ke nan. Ɗakin yara ɗaya ya isa yau, amma a san inda na biyu zai zauna.

Injiniya

Allah Ya saka da alheri, Malam. Zauren a wannan kusurwar ma zai tare wa tsakar gida ranar yamma, ya yi mata inuwa daga la'asar. In yaron ya girma zai iya komawa can.

Kawu na Marwa

Ni abin da ban gani ba shi ne turaka. Maigida ba shi da ɗakin kansa? Ina zai ajiye takardunsa, ina zai kwanta in ya dawo a gajiye yara suna kuka? Kuma yaro ne, ba a san abin da Allah zai yi gaba ba, in iyali ya ƙaru a bar wa wani sashe wuri.

Hajiya Babba

Alhaji, filin murabba'in mita 300 ne. In aka ce sai an yanka wa abin da bai zo ba wuri, waɗanda suke nan ne za su rasa inda za su sha iska. Ran da Allah Ya hore masa ƙarin iyali, Ya hore masa ƙarin fili. Turaka kuwa ban ƙi ba, amma tsakanin ɗakin maigida da ɗakin mahaifiyarsa, in kuɗi ɗaya ne, ni na Inna zan fara ginawa.

Kawu na Marwa

A kan na Inna ba ni da ja, Hajiya. Amma ina nan a kan bakana, namiji yana buƙatar wurin da zai kaɗaita, ko zauren ne a sa masa kabad mai makulli.

Sai maganar ƙasa, wadda ba wanda ya taɓo. Mu nan Marwa mun san karal, baƙar lakar nan da ake shuka muskuwari a kanta. Da damina ta kumbura, da rani ta tsage har hannu ya shiga, gini a kanta in ba a yi harsashi na musamman ba sai bango ya dare daga ƙasa har sama. A kwarin Binuwai ma akwai irinta. Kafin a ja layi ɗaya a takarda, a haƙa rami a ga me ke ƙasa.

Anti Nas

Ni ta fuskar aikina zan yi magana. Banɗaki a kowane ɗaki yana da daɗi in ruwa yana zuwa kullum. In famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, banɗaki huɗu a cikin gida wari ne da ƙudaje, kuma mace ɗaya ce za ta wanke su. Ɗaya a cikin jere tsakanin ɗakin iyaye da na yara, ɗaya a tsakar gida na tsuguno wanda buta ɗaya ta ishe shi, sai ƙaramin na zaure. Kowanne da taga mai fita waje. A yi wa tankin ruwa wuri tun a zane.

Ramin masai kuma a kai shi gaba, kusa da titi, inda motar kwashewa za ta iya kaiwa, bututun ya bi ta lungun arewa da Injiniya ya bari. Kada ya kusanci rijiya, taka ko ta maƙwabci, ƙasa da mita 15, in an samu fiye ya fi. A ƙananan filaye irin waɗannan sai ka ga masan wani yana jikin rijiyar wani, katanga ce kawai tsakani, daga nan gudawa da taifot suke shiga gida, kwalara ma in ta ɓarke ta nan take bi. Ka shiga gidajen da ke kewaye da kai ka tambaya ina rijiyarsu take.

Don Inna: kada a yi matakala tsakanin ɗakinta da banɗaki, ƙofa ta kai santimita 90 ko da wata rana za a shiga da keken marasa lafiya, tayil na ƙasa marar santsi, da ƙarfen dafawa a bango. Tsofaffin da ake kawo mana da karayar ƙugu, da yawansu a banɗaki suka zame. Kuma duk taga a sa mata raga, amma a kowane ɗakin kwana a bar ƙarfen taga ɗaya mai buɗuwa daga ciki, saboda gobara.

Ɗan Yelwa

Anti, a nan kam ban yarda ba. Mata da miji su haɗa banɗaki da yara? Ko ba komai ɗakinsu ya samu nasa.

Maman Ummi

Yaya, a wannan ina bayanka. Ina son nawa a cikin ɗaki, ko ƙarami ne. Anti, ki yi haƙuri, lokacin jego na san wahalar fita.

Injiniya

Zai yiwu ba tare da an ɓata tsarin ba. Gurbin banɗakin a faɗaɗa shi kaɗan a raba biyu, na arewa ƙofarsa ta buɗe cikin ɗakin iyaye, na kudu ta buɗe baranda don yara. Bango ɗaya, bututu ɗaya. Na yaran sai a fitar masa da iska ta sama ko ta bulo mai huji.

Ɗan Kuseri

Gaisuwa daga bakin kogin Logon. Mu da muka ga ruwan 2022, lokacin da Logon da Shari suka cika suka shiga unguwanni a nan da Njamena, ba ma ganin zanen gida sai mun tambayi tsayin daɓe. Ku ma Garwa kun ga na 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo. Ko filinka yana tudu, titi kullum ƙara tsayi yake yi, yau a zuba jar ƙasa, gobe a zuba wata, bayan shekaru gidan da aka gina daidai da titi ya koma rami. Daɓen ɗakuna ya ɗara titi da santimita 50 aƙalla, tsakar gida kuma a karkata ta ruwa ya gangara waje. Ka tambayi tsofaffin unguwar inda ruwa ke bi a watan Agusta, sun fi kowane zane sani.

Akawu

Baban Ummi, wace takarda ke hannunka? In takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa da shaidu, ba ta kai titir fonsiye ba, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, kuma tun dokar filaye ta 1974 titir ce shaidar mallaka a Kamaru. In filin yankin wani babban fili ne mai titir, cinikin sai a gaban notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki, sannan a yanka maka taka. A sa ma'aikatan safiyo su tabbatar da duwatsun iyaka kafin katanga, domin mita 15 da aka faɗa maka da baki tana iya zama 14 da wani abu, kuma tsarin Injiniya ba shi da rarar da zai yi asara.

Sannan izinin gini. Dokar tsara birane ta 2004 ta ce daga meri, wato ofishin magajin gari, ake karɓa, kuma zanen sai ya fito ta hannun mai zanen gine-gine da ke cikin rajistar ƙungiyarsu. Wanda aka sauko da shi daga intanet ba zai wuce ba. A can za su faɗa maka tazarar da za ka bari daga titi, wannan kuma ya shafi zauren da Malam ya ce a yi a jikin ƙofa. Ka tambaya kafin ka saya parpen ko ɗaya.

Baban Ummi

Filin daga cikin mai titir aka yanka, mun je gaban notar, takardar yankawar ce ba ta fito ba tukuna. Zan bi ta. Maganar tazara daga titi ban san da ita ba, zan je meri ranar Litinin in sha Allah. Gwani, in aka bi tsarin Injiniya, kuɗina za su kai ina? Kuma rufi wane iri? Ɗan'uwan nawa yana cewa a yi irin wanda ake ɓoye kwano a bayan bango, shi ake yayi.

Gwani Magini

Jeren arewa da barandarsa wajen murabba'in mita 90 ne, ƙasa da rabin na farko. Ba zan yanke maka farashi a nan ba, siminti ko da daga Figil yake zuwa kusa da mu kuɗinsa motsi yake yi, rodi ma haka. Amma in ka haƙura da tayil da fenti na waje a karon farko, ina kyautata zaton za ka rufe jeren, ka yi kicin da masai da katanga, ku tare. Zaure da ɗakin Inna harsashi kawai yanzu.

Ɓoyayyen kwano ban ba ka shawara ba. Bango ya tsaya tsirara ba abin da ke kare shi daga rana da ruwa, duk lissafin inuwar da Injiniya ya yi ya tashi a banza. Ruwa kuma a kwatar siminti yake taruwa a bayan bangon, ganye ya toshe ta, ya dawo cikin silin. Gyaran irin wannan rufin muke yi kowace damina. Ka yi kwano mai fitowa waje, silin ya kai mita 3 da santimita 20, a bar ƙofofin iska masu raga tsakanin silin da kwano a gabas da yamma, zafin da ya taru a sama ya samu hanyar fita. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara, a ɗaure shi da rodin da aka binne cikin kankaren saman bango, ba ƙusa kaɗai ba. Guguwar farkon damina daga gabas take tasowa, kowace shekara sai ta yaye rufin da aka yi wa ƙusa kawai.

In za ka samu masu buga bulon ƙasa na inji, wanda ake sa wa siminti kaɗan, ɗakinsa ya fi na parpen sanyi nesa ba kusa ba. Sai dai yana son gwanin da ya saba da shi, da ƙasar da ta dace, kuma dole harsashi da layukan farko su zama na siminti.

Hajiya Babba

A bar wa bishiya wuri a tsakar gidan, tun kafin a fara gini a dasa ta a kewaye ta da ƙaya. Kafin ku tare ta yi tsayi.

Injiniya

Gaskiya ne Hajiya, amma ba darbejiya ba a fili irin wannan, saiwarta tana bin danshi har ramin masai da ƙarƙashin daɓe. Lemun tsami ko gwaiba a tsakiya, mita 3 daga kowane bango, zogale a jikin katangar kudu. Darbejiyar a kai ta waje bakin titi, ta tare ranar yamma.

Maman Ummi

Injiniya, tambaya ɗaya. Daga kicin zuwa baranda in ana ruwa fa? Kafin a gina ɗakin Inna wurin a buɗe yake, da kwanon abinci zan ratsa cikin ruwa?

Injiniya

Ki ce a saka wannan a zanen. Tun da harsashin ɗakin Inna zai kasance a wurin, a kafa ginshiƙan barandarsa tun yanzu a ɗora kwano, ta haɗe kicin da babbar baranda. Ganyen kwano kaɗan ne. Baban Ummi, ka nuna wa mai zanen wannan saƙon nata.

Gwani Magini

Ƙanena, ranar Asabar bayan sallar asuba ina da sarari. Ka samo leburori biyu da diga da shebur, mu haƙa rami mita 1 da rabi a kusurwar arewa maso gabas da wani a wajen ƙofa, mu ga ƙasar da Kawu ya yi magana. Ka zo da igiya da turaku da toka, zan shata muku ɗakunan a ƙasa da girmansu na gaskiya. Maman Ummi ta zo ita ma ta shiga ta fita, in kicin ya yi mata kaɗan a matsar da turke tun ba a zuba siminti ba.